Koken Mazauna Unguwar Rijiyar Soja Kan Cike Rijiyar Marigayi

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne muka kawo kuka, domin abin ya fi ƙarfinmu.

Talatar da ta wuce, muna fitowa daga sallar asuba muka tarar tifa ta juye jar ƙasa a cikin Rijiyar Soja. An farfasa dakalin bakinta. Allon simintin da aka rubuta sunan marigayi da ajami kuwa, a cikin kwata yara suka tsamo shi, ya rabe biyu. Leburori suka ce shaguna za a gina, wai an sayar da wurin. Wa ya sayar? A hannun wa ya gada?

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin asalinta. Mai wannan suna ɗan unguwar nan ne, kofur a runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) don yaƙar Japan. A gumurzun Miyohong ya faɗi, cikin Janairun 1945. Gawarsa ba ta dawo ba, ba mu san kabarinsa ba. Ɗan abin da aka aiko wa mahaifiyarsa ko anini ba ta ci ba, ta haƙa rijiya sadaka gare shi. Yau a Legas akwai barikin da ake kira da sunan Miyohong, garin mutane, amma rijiyar wanda ya mutu a can ita aka ga dama a binne.

'Yarsa, wadda ya bari a goye, ta haura tamanin. Ranar da kanta ta dogaro sanda ta zo, ta zauna a kan tulin ƙasar nan, ba ta ce uffan ba har rana ta take.

Mun sha zuwa gaban Mai Unguwa, mun sha kai takarda ofis tun lokacin da aka fara auna wurin. Kullum a ce mu dawo gobe. Har mun daina ƙirga goben.

Muna roƙon arziki, ranka ya daɗe, a dakatar da ginin nan. A sa wanda ya zuba ƙasar ya yashe rijiyar da kuɗinsa, ya mayar da allon. A nuna mana takardar cinikin, mu ga hannun da ya sa. A kuma rubuta wurin a matsayin waƙafi. Kuma don Allah a dakatar da ginin, don samarinmu da ƙyar muke danne su.

In da hali, ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya, a turo wakili a yi masa addu'a a bakin rijiyarsa.

Allah ya taimake ka.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, mata da matasan unguwa.