Rahoton Kwamitin Gyaran Rafin Filin Shaƙatawa na Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da matasan unguwa, aikin da kuka ɗora mana na gyaran rafin da ya ratsa filin shaƙatawarmu ya kammala, alhamdu lillahi. Da gangan muka riƙe wannan rahoto har ruwa ya ɗauke, domin aikin zaizayar ƙasa ba a yabonsa da rani. Yanzu damina guda cur ta bi ta kansa, muna da abin faɗa.

Kowa ya san yadda wurin ya koma kafin a sa hannu. Rafin da yara ke tsallakewa da ƙafa ɗaya ya zama kwari mai zurfin da babban mutum zai tsaya a ciki ba a hango hularsa ba. Kan kwarin kuma ba a tsaye yake ba, kowace damina sai ya ci baya, har ya kusa taɓa filin ƙwallo. Tsamiyar da dattawa ke zama a ƙarƙashinta da la'asar, rabin saiwoyinta suna reto a iska. Iyaye mata sun hana yara bi ta nan zuwa Islamiyya, kuma suna da gaskiya.

Kafin mu sayi ko dutse ɗaya, sai da muka bi ruwan nan da ƙafa zuwa inda yake tasowa, tare da wani injiniya ɗan unguwa da ya ba mu lokacinsa kyauta. Garin Gombe a gangare yake, ƙarƙashin tudun Akko da ke yamma, saboda haka ruwan sama gabas yake nufa da gudu. Ƙasarmu kuma yashi ce mai rauni, ba ta riƙe kanta idan ruwa ya sami bakinta. Wannan haka Allah ya yi wurin. Abin da ya sauya shi ne mu. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gidaje ke ta cinye gonakin bayan gari, kuma duk inda aka kafa kwano ko aka dandaɓe tsakar gida da siminti, ƙasar da ke shan ruwa ta rufe ke nan. Injiniyan ya yi mana lissafin a gabanmu: ruwan sama mai kaurin milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, zai zubar da lita 3,000. Sai ku ƙirga gidajen da ke sama da filin, ku tuna cewa duk lambatunsu a kwalbati ɗaya suke haɗuwa, kwalbatin kuma bakinsa a cikin filinmu yake amayarwa.

A nan ne kwamiti ya yi doguwar muhawara. Wasu daga cikinmu sun so a zuba kankare tun daga kwalbati har ƙarshen filin, irin manyan magudanan da aka gina a kwarin Jami'ar Jihar Gombe ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai tallafin Bankin Duniya. Wancan aiki ne na gwamnati, mai manyan injina da kuɗin da unguwa ba ta da su. Ban da tsada kuma, kankare mai santsi ƙara wa ruwa gudu yake yi, duk inda ya ƙare a nan sabon kwari zai ɓarke, kuma ƙasa da mu akwai gidajen bayin Allah. Ba mu ga dacewar mu kwashe matsalarmu mu jibga wa maƙwabta ba. Sai muka tsaya a kan shawarar rage wa ruwan ƙarfi tun daga sama, a bar ƙasa ta sha abin da za ta iya sha, ragowar ya wuce a hankali.

Daga bakin kwalbatin muka fara. An shimfiɗa manyan duwatsu a inda ruwan ke faɗowa domin ya daki dutse maimakon yashi. Gaba kaɗan aka haƙa wani faffaɗan gurbi marar zurfi, inda ruwan farko ke taruwa ya lafa kafin ya malala cikin rafin. Da yawa sun tsorata da wannan gurbi saboda sauro, kuma tambaya ce mai kyau. Ƙwan sauro yana bukatar wajen mako guda a ruwa kafin ya zama mai tashi, shi kuwa gurbin an yi shi ne ya tsotse cikin kwana biyu. Mun sa ido a kai duk damina, haka kuma ya riƙa yi.

Babban aikin a cikin kwarin yake. An jera ƙananan madatsai na kwandunan waya cike da duwatsu, ɗaya ƙasa da ɗaya kamar matakalar bene, yadda saman na ƙasa zai yi daidai da gindin na sama. Wanda bai tsaya a wurin ba zai ɗauka zuba dutse kawai ake yi. Ba haka ba ne. Magina da hannu suke jera duwatsun fuska ɗaya bayan ɗaya, masu faɗi a waje, ƙanana a ciki, sannan a ɗaure murfin da waya a ja shi har sai kwandon ya daina motsi idan an taka. Kowane madatsi an cusa kunnuwansa biyu cikin gaɓa, an kuma bar tsakiyarsa ƙasa da gefensa, domin idan ruwa ya cika ya bi ta tsakiya, kada ya zagaya ya ci gefe. A gindin kowanne akwai shimfiɗar dutse da ke tarar ruwan da ya zubo. Madatsin ba ya tare ruwa ɗungurungum, yana barinsa ya tsiyaya ta tsakanin duwatsu, yashin da ya ɗauko ne ke tsayawa a baya. Da wannan yashi kwarin ke cike kansa.

Gaɓoɓin da suka tsaya cak kamar an yanka, an kwantar da su da diga da shebur a ranakun aikin gayya, sannan da ruwan farko aka dasa ciyawar jema layi-layi a gicciye, saiwa kusa da saiwa, tazarar da ba ta kai taƙi guda ba. Jema muka zaɓa domin saiwarta ƙasa take nutsawa sosai, tana ɗinke yashi, kuma idan layin ya haɗe yakan tace ruwan da ke gangarowa. A bayanta aka sa gamba, can sama kuma dogon yaro da maɗaci da 'yan tsamiya. Tun da gwamnatin jiha ta fara shirin dashen itatuwa na 3G a 2019 mutane sun saba da dashe, matsalar ita ce reno. Don haka kowane dashe an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, an kuma damƙa shi ga gida guda. Iyayenmu mata da 'yan makaranta su suka fi riƙe wannan amana, Allah ya saka musu.

Ruwan Yuli da Agusta shi ne jarrabawar. Kan kwarin bai matsa ba. Bayan madatsan sama yashi ya taru har ya kusa kai bakinsu, ciyawa ta fara fitowa a kansa. An mayar da ƙasa a gindin tsamiya an dafe ta da dutse, dattawa sun koma inuwarsu. Madatsi ɗaya ne ya lalace, shi ma ba ruwa ne ya karya shi ba, wani ne ya yanke wayar ya kwashe duwatsu da dare. An gyara shi cikin makon, kuma Mai unguwa ya yi magana a kai bayan sallar Juma'a.

Game da kuɗi: abin da aka tara daga gidaje, da gudummawar 'yan kasuwa da 'yan unguwa mazauna wasu garuruwa, mafi yawansa dutse da waya da kuɗin tifa suka ci, sai ladan magina. Leburanci kusan duka gayya ce. Cikakken lissafi da rasidai suna manne a allon masallaci, kwafi kuma yana hannun Mai unguwa, duk mai son dubawa ya duba, hakkinsa ne. Ɗan abin da ya rage an ajiye shi don gyara.

Abubuwa biyu ne ke damunmu ƙwarai. Na farko masu kwasar yashi. Yashin da ya taru a bayan madatsai shi ne maganin kwarin, duk baro ɗaya da aka ɗiba an mayar da aikin baya, kuma wasu masu sayensa 'yan unguwar nan ne da ke gini. Muna roƙonku don Allah ku daina saye. Na biyu shara. Leda da robobi da ake zubawa a lambatu duk a bakin kwalbati suke tsayawa, idan ya toshe, ruwa zai hau titi ya nemi sabuwar hanya.

Ɓangaren rafin da ke ƙasa da gadar ƙafa ba mu taɓa shi ba, domin ya fita daga filin ya shiga unguwar maƙwabta, mun kuma rubuta wa dattawansu muna neman zama. Masu sabon gini muna ba su shawara su bar wani sashe na tsakar gida babu siminti, masu hali kuma su sa indararo ya zuba a tanki. Cikin Afrilu, kafin ruwan farko, za a yi gayyar yashe lambatu da duba wayoyin madatsai da cike gurbin jemar da ta mutu. Za a sanar da ranar a masallatai, kowane gida ya turo mutum ɗaya da shebur.