Godiya ga mai shagon takalman aiki a babbar kasuwar Garwa, ƙasar Kamaru

Assalamu alaikum Alhaji,

Na rubuto ne a madadin yaran garejinmu na walda da ke Yelwa. Da gangan na yi godiyar a bainar jama'a, don magina da makanikai da 'yan dako su san inda za su nufa.

Ranar da muka zo, ba ka ciro ko ƙafa ɗaya ba sai da ka tambayi sana'armu. Da ka ji walda ce, ka sa yaronka ya mayar da takalmi mai igiyar da ya ɗauko, ka ce tartsatsi na cinye igiya, yana kuma samun kafar faɗawa ciki. Ka ba mu na fata mai rufaffen sama, mai tafin roba da tambarin HRO, wanda ke jure taka ƙarfe mai zafin digiri 300 na tsawon minti ɗaya. Wanda ka mayar ɗin kuwa ya fi tsada, ni ma na ga farashin.

Sannan ka ɗaga harshen takalmin ka nuna mini rubutun EN ISO 20345. Ashe ma'anarsa an gwada ƙarfen da ke kan yatsu, yana ɗaukar bugun da ya kai na kilo 20 in ya faɗo daga tsayin mita ɗaya. Takalmi mai tambarin S1P da mai tambarin S3 suna da kariya a tafi da ke tare ƙusa, S3 kuma fatarsa ba ta saurin shan ruwa, shi ya dace da mai aikin gini da damina.

Yawancinmu gwanjo muke saya, ba sai an ɓoye ba. Ba ka kushe shi ba. Wani tsohon takalmi ka ɗauko daga ƙarƙashin tebur, samansa fes, ka lanƙwasa shi, sai ga tafin yana marmashewa kamar busasshen burodi. Ka ce haka tafin da aka yi da nau'in robar da ake kira PU yake yi in ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima, ko ba a taɓa sa shi ba. Yanzu duk yaron da zai sayi gwanjo sai ya lanƙwasa tukuna.

Batun awo ma ka ce kowa ya zo da kansa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safarsa ta aiki, domin fata tana buɗewa amma ƙarfen yatsu ba ya buɗewa. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, da yake wuce digiri 40, takalmin da ya matse sai dai a same shi jefe a bayan injin, mai shi yana aiki da silifa.

Mun bi shawararka: a kakkaɓe da buroshi bayan tashi, a cusa takarda a ciki, a shanya a inuwa, ba kan kwano ba, a riƙa shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan. Kwanan baya ƙofar ƙarfe ta suɓuce ta faɗo wa wani yarona a ƙafa. Yatsunsa lafiya lau, alhamdu lillahi. Takalmin kuwa mun ajiye shi, tunda ka ce wanda ya sha bugu irin wannan ya gama aikinsa ko da bai nuna ba.

Roƙona ɗaya, Alhaji: a ƙaro ƙananan lambobi, 38 da 39, don masu koyon aiki sun fi kowa taka ƙusa. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. A gaishe mini da yaran shago.

Naka,
Wani mai garejin walda, Yelwa, Garwa