Sanarwa: Zaman Karatun Jami'ul Ulum na Imam Razi

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 8:30 na dare bayan isha'i, za mu yi zamanmu ta kiran murya a nan cikin rukuni. Littafin wannan karon shi ne Jami'ul Ulum na Fakhruddin Razi (ya rasu a Herat, birni a Afghanistan ta yau, 606 Hijira), wanda ya rubuta da Farisanci domin Sarki Tekish na Khwarazm, wata tsohuwar daula a Tsakiyar Asiya. Ana ce masa Sittini don ya tattara fannoni 60, daga tauhidi da usulul fiƙhi har zuwa likitanci, ɗabi'u da ladabin sarauta.

Kowa ya zaɓi fanni ɗaya, ya rubuta sunan fannin a nan kafin Alhamis, kada mutum biyu su yi karo. Minti 5 ne rabon kowa, don Allah kada a zarce.

Sai a kula da abu biyu. Kwafe-kwafen littafin sun bambanta, wasu fannoni 40 kacal suka ƙunsa, saboda haka a ambaci sunan babi, lambar shafi ba za ta yi mana amfani ba. Sannan tsofaffin marubuta kan rubuta haruffan Farisanci "pe" kamar ba'un, "gaf" kamar kafun, wannan shi ke yawan kayar da wanda ya saba da Larabci zalla. Kalmar da ta shige duhu a ɗauki hotonta a turo.

Mai uzuri ya aiko da saƙon murya.

Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya sada mu da alheri.
Shugabannin rukuni