Shari'a da dimokuraɗiyya: a duba matsalar gado a karkara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan masu cewa Shari'ar Musulunci da dimokuraɗiyya irin ta Yammacin Turai ba sa ga maciji da juna. Ban gamsu da hujjarsu ba.

Ai da ƙuri'a aka faɗaɗa Shari'ar nan. Zamfara ta fara a 1999, Kano da Jigawa suka biyo a 2000, kuma zaɓaɓɓun 'yan majalisar jiha ne suka yi dokokin. Sashe na 275 na Kundin Tsarin Mulki ma ya yarje wa jihar da ke buƙata ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Damuwarmu a ƙauye daban ce. Mace ta rasa miji, dangi su danne gona, tumunin takabar da Allah ya yanka mata ya gagara. In ta kai ƙara, a yi ta ɗage zama har damina ta wuce, marayu na kallo. Wannan zalunci ne, addini bai yarda da shi ba, tsarin mulki ma haka.

Ina roƙon majalisun jihohin Kano da Jigawa su ƙara alƙalai a karkara, su kuma ƙayyade wa'adin kammala shari'ar gado.

Wassalam,
Mai karatunku daga ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa