Wasiƙa daga Katsina: Madubina Ya Kama Wata

Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin ƙasar mutane? Nan gida kowa lafiya lau, damina ta yi albarka, gero ya shigo, Hajiya kuma ba ta rabo da tambayarka.

Ka tuna gilashin nan da ka tarar ina fama da shi a kan durom, ina son in mayar da shi madubin na'urar hangen taurari, ranar da ka zo yi mana sallama? To, daren Talatar da ta wuce na ga ramukan wata a cikinsa. Kai na fara tunawa, domin tare muke kwanciya a bayan ɗakin kwana na makaranta muna neman Kaza da 'Ya'yanta.

Faifan gilashi biyu ne, faɗin kowanne milimita 150, aka yanko mini a Kano daga gilashin tebur mai kauri. Ɗaya a kafe a kan durom, ɗaya a hannu, tsakaninsu a barbaɗa garin kabarandum da ɗan ruwa, irin garin da makanikai ke wasa bawul da shi. Ka tura, ka jawo, ka ɗan juya na hannunka, ka yi taku ɗaya gefe. Uwargida ta leƙo ta ce ai wannan niƙa ce irin ta kakanninmu, kuma gaskiyarta. A hankali tsakiyar na sama take cinyewa ta yi kwari, na ƙasa ya yi tudu. Duk zurfin da nake nema bai wuce milimita 1.2 ba, wanda zai tara haske a nisan mita 1.2. Nakan jiƙa gilashin in fuskantar da shi rana, in riƙa matso da kwali har hasken ya dunƙule wuri guda, sannan in auna.

Daga gari mai lamba 80 na koma 120, na koma 220, lamba tana ƙaruwa gari yana ƙara laushi, har zuwa mai laushi kamar hoda. A nan hunturu ya yi mini aika-aika. Wata safiya ta Janairu, ana hazo, ina cikin turawa sai na ji ƙiiit a ƙarƙashin tafina. Ƙwayar yashi ɗaya ce ta shigo ta taga. Da na wanke na ɗaga shi a haske, ga layi ya ratsa fuskar kamar an ja da allura. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Dole na koma lamba 220, aikin sati uku ya tafi. Tun daga nan na liƙe tagar da leda, ina yayyafa wa ɗakin ruwa, in yanke farce, in canza riga kafin in taɓa gilashin.

Gogewar ƙarshe da kwalta ake yin ta, a shimfiɗa ta a kan faifan ƙasa, a tsattsaga ta gida-gida kamar gurbin dara. A bazara zafinmu ya narkar da ita, gidajen suka haɗe. Na haƙura har Agusta, ina yi bayan sallar asuba.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon da Bafaranshe Léon Foucault ya ƙirƙiro wajen 1858. 'Yar fitila ce da reza, a nisan mita 2.4 daga madubi. Kana matsar da rezar, sai inuwa ta nuna maka tudu da kwarin da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashi ba. Na ɗora yatsana a kan gilashin na 'yan daƙiƙu, na koma na duba, sai ga ɗumin yatsan ya kumbura wurin, ina ganinsa ƙuru-ƙuru. Na daɗe zaune ina tasbihi.

Har yanzu ba a shafa masa alminiyom ɗin da zai sa ya riƙa mayar da haske sosai ba, kuma gilashi tsirara kashi 4 cikin ɗari kawai na haske yake mayarwa. Amma wata yana da hasken da ya isa. Na jingina madubin a cikin bututun roba, na ɗora a kan akwatin katako irin fasalin John Dobson, wani mai ƙera na'urorin hangen taurari na Amurka, na cire idon wani tsohon tabaran hangen nesa, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, na duba da shi. Ga duwatsu, ga ramuka, kowanne da inuwarsa a gefen da dare ke haɗuwa da rana. Autana ta sa ido, ta ɗago ta ce, "Baba, wa ya haƙa su?" Liman ma ya zo, shi ya tuna mini cewa Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, ɗan ƙasar nan ne. Na ji daɗin wannan magana har cikin raina.

Ga roƙona. Ƙaramin madubin da ke karkato haske zuwa ido, wanda nake amfani da shi yanzu ba mai kyau ba ne. Don Allah ka nemo mini mai faɗin milimita 30 ko kusa da haka, da ido guda na milimita 25, ka kuma bincika mini inda ake shafa alminiyom da kuɗinsa. In mai zuwa gida ya samu, ka ba shi, zan biya. Ina so kafin ka zo hutu ya kammala, mu fita bayan gari ta hanyar Jibiya, in nuna maka duniyar Mushtari da manyan watanninta huɗu.

Ka gaida uwargida da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Ƙofar Ƙaura