A yi gwajin jini tun kafin a kai goro

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ka ba ni ɗan fili, abin nan ya jima yana ci min tuwo a ƙwarya. Auren ɗiyar yayata ya mutu tun ba a ɗaura ba, saura kwana tara, an kai lefe har mun ɗinka anko, sai wani kawun ango ya ce a je a yi gwajin jini. Takarda ta fito da Faransanci, ita AS shi ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon cutar sikila ba tare da yana ciwon ba, wanda ya miƙo musu ko kallonsu bai yi ba balle bayani, wai a je a nuna wa likita. Shikenan gida ya kaure, kowa ya zama malamin jini.

Wani cewa ya yi ai ɗaya cikin huɗu ne, su haifi uku su tsaya mana. Wallahi da kunnena na ji. Toh ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da nasa rabon, in AS ya haɗu da AS kowane ciki yana iya zuwa da SS, wato mai ciwon sikila, kashi ɗaya cikin huɗu, AS kashi biyu, AA wanda bai gaji sikilar ba kashi ɗaya, ana iya jera 'ya'ya uku duk masu sikila, ana iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Wata kuma ta ɗauko katinta mai O da alamar tarawa tana cewa ita lafiyarta ƙalau, alhali wannan rukunin jini ne na ƙarin jini, ba ruwansa da maganar. Ko gwajin sikila na Emmel da ake yawan yi a nan baya raba AS da SS, sai an yi wanda suke cewa elektiroforez.

Ni ba na goyon bayan a rufe ido a ɗaura. Ƙanena da sikila ya rasu, lokacin ce mana ake sanyin ƙashi ne, wasu su ce mayu, duk hunturu in iska ta taso daga Binuwai sai mu kwana muna danna masa ƙafa yana ihu, idonsa ya yi ɗorawa. Na san abin. Amma yarinyar nan fa yanzu a unguwa "mai ciwo" ake ce mata, alhali AS ba ciwo ba ne, ma yana ɗan kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma in ta samu mai AA ba za ta haifi SS ba. Shi angon ba wanda ya ce masa komai, har an fara yi masa maganar wata.

Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin sikila da talasemiya kafin aure, ita talasemiya wata cutar jini ce ta gado da ake yawan samu wajen Larabawa da ƙasashen bakin Bahar Rum. Kano ma nan kusa sun yi dokarsu a 2024. Mu nan sai ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, a yi jawabi a rediyo, a watse. Ga mu da auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, jini ɗaya yana ta zagayawa.

Roƙona ga limamanmu da masu unguwa, a riƙa tambayar takardar tun ranar gaisuwa kafin kuɗi ya shiga tsakani, ko ma iyaye su gwada yara tun suna makaranta kowa ya san nasa. Asibitoci kuma su ajiye mutum ɗaya da zai zaunar da saurayi da budurwa ya yi musu bayani da Hausa ko Fillanci, ba a bakin taga ba gaban jama'a. Ku ma Malam Edita ku samo likita ya rubuto mana a shafinku, zan yanke in kai wa yayata, don har yau ba ta yarda 'yarta lafiya lau take ba.

Taku mai karanta ku kullum,
daga unguwar Yelwa, Garwa