Takardar Koke Kan Magungunan Marasa Lafiyarmu Da Ake Riƙewa A Mashigar Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun dagatai da masu unguwanninmu,
Masarautar Haɗejiya, Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raba ka da sharrin maƙiya na kusa da na nesa. Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarki imani da yawan rai, ya bar mana ku. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, mu talakawanka na ƙauyukan bakin fadama, manoma da masunta da 'yan kasuwa da malaman makaranta, da yawun iyayenmu mata, mun zauna a ƙofar masallacin Juma'a bayan La'asar muka yanke shawarar rubuto maka wannan takarda. Idan harshe ya yi kaifi a wani wuri muna neman gafara tun yanzu. Zukata ne a dagule, kuma yaro in an dake shi gida yake nufa da kukansa.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce muka kwantar da ɗan'uwanmu, malamin firamaren nan, a kujerar bayan mota aka nufi Kano da shi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga, fuska ta yi suntum, fitsari ya ɗauke masa. Ka san shi, domin kai da kanka ka fara zuba kuɗi a gidauniyar da aka kafa masa lokacin da ƙodojinsa biyu suka daina aiki. An sayar da gonar gadonsu ta fadama, an sayar da shanun huɗa, mata sun kawo kuɗin adashinsu, ƙaninsa kuma ya kwanta aka cire tasa ƙodar guda aka dasa wa yayansa a Indiya. Ranar da suka dawo har bakin titi aka fita tarbarsu. Ya koma aji yana koyar da 'ya'yanmu, ya yi ƙiba, ya koma hawa babur ɗinsa.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda ba ya rabuwa da magani har ƙarshen ransa. Jiki yana ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, yana neman ya yaƙe ta, sai an riƙa danne garkuwar jikin da ƙwayoyi kullum. Babba a cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira tacrolimus, ana shan ta safe da dare, awa 12 tsakani, ba fashi. Mun sha ganinsa ana cikin hira a majalisa wayarsa ta yi ƙara, ya zaro ɗan kwali daga aljihun gaba ya haɗiye da ruwan leda. Likitansa ya gargaɗe shi kada ya sauya daga na wani kamfani zuwa na wani da kansa sai an auna jininsa an daidaita, domin in ya yi kaɗan jiki ya ƙi ƙodar, in ya yi yawa ya zama guba a gare ta. Shi ya sa yake sayowa daga inda aka yi masa aikin, ana aiko masa da na wasu watanni, da takardar likita da rasit a cikin kwalin.

Wannan karon kwalin ya iso ƙasar nan, sai saƙo ya shigo waya cewa an riƙe shi don bincike. Shi ke nan. Ƙanin nan da ya ba da ƙodarsa, wanda har yanzu ba ya iya ɗaukar buhu, shi ya yi ta safa da marwa tsakanin nan da Kano. A ofishin farko aka ce ba hurumin su ba ne. A na biyu aka ce oga ba ya nan, a dawo Litinin. Da ya koma Litinin aka ce ai kayan ma ba a Kano suke ba, suna Legas. Ba wanda ya ba shi takarda ko guda da ke cewa ga laifin kwalin, ga abin da za a kawo, ga ranar da za a gama. Ana cikin haka wani mutum ya kira shi a waya ya ce shi ejan ne, a turo masa kuɗi ya fitar da kayan cikin kwana 2. Aka ranto aka tura. Daga ranar wayarsa a kashe take.

A can gida kuwa ƙwayoyin suna ƙarewa. An zaga manyan kemis na Kano, an samu na wani kamfanin da tsadar da aljihu ba zai iya jurewa ba, aka sayi 'yan kaɗan. Da ya ga za su ƙare sai ya fara sha sau ɗaya a rana ba tare da ya gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta gane, da ta ƙirga abin da ya rage a kwalin ta ga bai ragu yadda ya kamata ba. Ta zo wurin liman tana kuka. Yau ga shi an mayar da shi kan injin wankin ƙoda, abin da aka sayar da gona don a raba shi da shi, kuma likitoci na ta ƙoƙarin ceto ƙodar ƙaninsa da ke jikinsa. Har zuwa lokacin da muke wannan rubutu kwalin bai fito ba. Kwalin da bai kai na takalmi girma ba, ranka ya daɗe.

Da wannan ne farko da mun ce ƙaddara ce muka yi shiru. Akwai dattijuwa mai ciwon suga da ɗanta da ke aiki a Jidda ya aiko mata da allurar insulin. Wannan allura a firij ake ajiye ta, tsakanin ma'auni 2 zuwa 8, ita kuwa aka riƙe ta makonni a lokacin bazara, lokacin da zafi ke haura 40. Da aka saki kayan ƙanƙarar da aka naɗo da su ta daɗe da narkewa, ma'aikacin asibitinmu ya duba ya ce a zubar. An biya kuɗin ajiya a kan abin da aka zubar. Akwai yarinya mai sikila da aka aiko wa maganin hydroxyurea daga Misira, akwai tsoho mai asma, akwai wasu da suka haƙura ba su ko gaya wa mai unguwa ba. Mun kai kuka wurin kansila, mun je sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu sun tare ɗan majalisa a wurin ɗaurin aure, wani ya kira gidan rediyo a filin jin ra'ayi. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, za a duba. Mun gaji da ƙirga sau nawa aka ce mana za a duba.

Wani zai ce me ya kai mutumin ƙauye sayen magani daga ƙasar waje. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, kafin shekarar ta ƙare Sanofi ma ya bi sahu. A shekarar nan aka cire tallafin fetur, aka saki naira ta faɗi. Abin shaƙar masu asma irin su Ventolin da Seretide ya yi wuyar samu, inda aka same shi kuma kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Mun ji a rediyo a 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan da kamfanoni ke shigowa da su don haɗa magani a gida, mun yi murna, muna kuma addu'ar Allah ya sa a ga amfaninsa. Amma marar lafiyar da zai sha ƙwayarsa da ƙarfe 8 na daren yau ba zai jira a gina masana'anta ba. Ga shi ƙasarmu ta Haɗejiya har zuwa Gashuwa kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya yi mana katutu, da wuya ka sami unguwar da ba ta binne wani saboda shi ba. Masu neman irin waɗannan magunguna ƙaruwa za su yi.

Allah ya taimake ka, kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a daina bincike ba, kuma ba mu zo neman a karya doka saboda mu ba. Mun san doka ta hana a shigo da magani a sayar sai NAFDAC ta yi masa rajista, mun kuma san dalili. Manyanmu suna tuna irin yaƙin da marigayiya Dora Akunyili, shugabar NAFDAC a lokacin, ta yi da jabun magani tun daga 2001. Mun ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Duk wanda aka kama da kwantenar tiramol a hukunta shi, mu ne za mu fara yin kabbara. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ranar kasuwarmu yaro ɗan shekara 15 zai sayi tiramol mai lamba 225 a bayan rumfunan 'yan awaki, alhali abin da doka ta yarda da shi bai wuce mai 100 ba, shi ma sai da takardar likita. Wannan ta ina ya shigo? Wa ya bincike shi? Ya ratso daji da kan iyaka ya iso har ƙauyenmu ba wanda ya tare shi, amma kwalin malamin makaranta mai ɗauke da sunansa da takardar asibitinsa shi ne ya gagara fitowa. Riɗinmu da zoɓonmu kullum ana loda su a manyan motoci ana fita da su ƙasashen waje, gumin talakawanka ne ke kawo wa ƙasa kuɗin. In aka zo ga abin da zai riƙe ran ɗaya daga cikin manoman nan sai ƙofa ta rufe.

Saboda haka muke durƙusawa a gabanka. Abu na farko, wanda ya hana mu barci, a taimaka a fito da kwalin nan. Muna roƙo ka rubuta da hatiminka, ka kai maganar gaban Mai Martaba Sarki, domin wayar da fada za ta buga ta fi tafiyarmu goma. Idan akwai kuɗin fito da doka ta ɗora a kai, a rubuta mana shi a takarda mu haɗa mu biya a banki a ba mu rasit. Idan ana shakkar abin da ke ciki, a buɗe a gaban likita ko masanin haɗa magani, a kira asibitin da ke duba shi a Kano a tambaya. Aikin wuni guda ne.

Muna kuma roƙon a yi mana hanya bayyananniya. Duk wanda aka riƙe wa magani a ba shi takarda a ranar, mai ɗauke da dalili da sunan ofishin da zai je da lambar da in an kira za a ɗauka. A sa wa'adi, kada maganin mutum ya zauna sai baba ta gani. Wanda yake buƙatar sanyi a sa shi a firij, in babu firij a sake shi ko a mayar da shi inda ya fito tun bai lalace ba. A bambanta ɗan kasuwa mai kwali dubu da marar lafiya mai kwali ɗaya. Kuma mutumin Jigawa ya iya gama wannan magana a Dutse ko a Kano, kada a ce sai ya je Legas, inda bai san kowa ba, kuɗin motar ma ya fi ƙarfinsa.

Sannan, ranka ya daɗe, muna roƙon ka gayyato jami'an kwastam da na NAFDAC da na ma'aikatar lafiya ta jiha su zo fadarka, a tara dagatai da limamai da ma'aikatan asibitocinmu, su yi mana bayani da Hausa: wane magani aka yarda mutum ya sayo don kansa, wace takarda ake nema tun kafin a aiko, wanne ne haramun ko da takarda. Limamai za su faɗa a huɗuba, sanƙira zai zaga gari. Rashin sanin nan shi ne abincin masu kiran kansu ejan, kuma muna roƙo a bi sawun wanda ya cinye kuɗin bayin Allah nan, lambar asusun da aka tura masa tana hannunmu. Haka nan a isar wa gwamnatin jiha cewa wanda aka yi wa dashe yana buƙatar a tanadar masa maganinsa a nan gida cikin rahusa, yadda ba sai mun miƙa hannu Indiya ba. A kuma turo NDLEA bayan rumfunan nan ranar kasuwa.

Muna sake maimaitawa, Allah ya ba ka nasara, kwalin nan dai a fito da shi. Ko da likitoci sun ce an makara, muna so a fito da shi, a gaya mana a rubuce me aka gani a ciki da ya sa aka riƙe shi. Matarsa da 'ya'yansa da ƙaninsa suna da haƙƙin su ji. Matasanmu sun so su tare hanya ranar da aka tafi da shi, dattawa suka hana, suka ce muna da uba, a bari a gaya masa tukuna. Da wannan alkawarin muka mayar da su gida.

Mun haɗo da kwafin takardar likita, da rasit ɗin sayen maganin, da lambar bin sawun kayan, da shaidar kuɗin da aka tura wa mutumin nan. Dattawa uku za su kawo takardar da hannunsu, kuma a shirye suke su amsa duk tambayar da za ka yi. Jibi Alhamis za a sake ɗora shi a kan injin, kuɗin wannan wankin ma yanzu ake zagayawa gida gida ana tarawa.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
mazauna ƙauyukan bakin fadama na gundumarka.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke biye.